Rasuwar Baƙa, Kwamfutar da Malam Ke Yi Wa Magana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda wani abu mai ɗaci ya gauraya da shi har na kasa raba su, ni Ubaidullahi Muhammad Sani, mai shagon buga takardu a bakin tashar Bodinga, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Bodinga da Shagari da Horo Birni rasuwar kwamfutata ta cinya, wadda aka fi sani da Baƙa. Ta gyangyaɗa barci a gabana lafiya lau, ta farka fuskarta tana haske, amma ba ta sake amsa yatsana ba. Na so in buɗe wannan sanarwa da kalmomin da ake buɗe ta mutane, sai Gwaggo Kaltume, ƙanwar mahaifinmu, ta ce kul, ba a yi wa ƙarfe da roba. Na bi maganarta. Amma baƙin cikin nawa ne, ba wanda zai auna mini shi.

Duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi haƙuri. Da babban yatsa nake buga shi a waya, ni da na saba da yatsu goma. Na kuma san akwai masu yawo suna cewa ba ta mutu ba, sun gan ta tana aiki. Na san wanda ya fara faɗa, kuma zan zo kansa.

Marigayiya 'yar gwanjo ce, ban taɓa ɓoye wannan ba. A Sakkwato na same ta, wurin wani mutum da ya rantse mini wata likita ce ta riƙe ta a Turai, kuma ba ta buɗe ta sai ranar hutu. Ban yarda da shi ba, don harafin A ya riga ya goge saboda dannawa, amma ina ɗora hannu a kanta na ji mun dace. Tana da nauyi, wanda ya taɓa rataya jakarta daga tasha zuwa gida zai shaida. Tana da zafi, in ta jima a cinya sai mutum ya sa matashi. Batirinta ba ya daɗewa. Waɗannan su ne aibunta, na faɗe su don kada a ce na yi son kai.

Alherinta kuwa, Bodinga ta sani. Katin ɗaurin aure nawa ya fito daga cikinta, ni kaina ban ƙirga ba. Tambayoyin jarrabawar makarantu, takardun neman aiki, wasiƙun ƙungiyar manoman albasa, duk ta buga ba ta taɓa fitar da sirrin kowa ba. Na koya mata haruffanmu masu lanƙwasa, ta riƙe su, ba ta taɓa mai da baƙi baki ba. In an kunna ta da safe takan gaishe ni da "tilin-lin", ta ja numfashi "fuuu", sannan ta natsu. In ina bugu, madannanta na cewa "ƙas-ƙas-ƙas", dogon nan na ƙasa yana amsa musu da "ɗas". In na yi shirme ta ce "ɗing" sau ɗaya, ba ta maimaitawa, ba ta yi mini gori. Ban taɓa saka mata kalmar sirri ba, domin ban taɓa zargin ta ba. Wannan shi ne abin da na fi nadama a yau.

Amma babban aikin rayuwarta ba a shago ta yi shi ba. A Shagari ta yi shi, a zauren mahaifinmu, Malam Muhammad Sani.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi, wanda bai sani ba bari in gaya masa. Tun da aka haife ni Malam bai taɓa kiran sunana ba. In na durƙusa gaishe shi, yakan amsa a gajarce yana kallon gefe. In yana son a aike ni, sai ya ce da wani, "A ce ma wancan." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ya tarar uban nasa yana yi wa nasa ɗan farin. Na sani, na kuma girmama. To amma ga ƙanena Abdulaziz, autanmu, wanda yanzu yake aiki a wani ofis a Sakkwato. Shi "Azizu" ne. Tun yana rarrafe yake hawa buzun Malam, ya cire masa hula, ya tsoma hannu a kwanonsa. Yau da gemunsa, in ya zo har kafaɗa yake dafa masa suna dariya, ni kuwa ina bakin ƙofa kusa da takalma. Ban taɓa cewa komai ba. Yau da nake cikin makoki ina da damar faɗa: abin yana ci na.

Da idon Malam ya yi yana, ya daina karantarwa, sai ya koma zaman zaure. Wata Juma'a na je gaisuwa da Baƙa a jaka, na zauna daga gefe ina ƙarasa wani aikin shago. Malam ya karkato kunne ya ce, "Kaltume, mi ka yin wagga ƙara?" Gwaggo ta ce na'ura ce mai rubutu. Ya tambaya ko tana jin Hausa. Gwaggo, da yake ba ta rasa amsa, ta ce har Sakkwatanci. Can ya juyo da fuskarsa wajen ƙarar, wato wajena, ya ce, "To ke, rubuta."

Ranar ya fara ba ta labarin kakansa da ya taso daga Horo Birni neman karatu. Daga nan abin ya zama na kowace Juma'a bayan la'asar. In hau mota daga Bodinga, in shimfiɗa tabarma dab da buzunsa, in buɗe ta tsakaninmu. Ba ni yake wa magana ba, jama'a su shaida, ita yake wa. Kunya ba ta hana mutum magana da na'ura ba. "Ke, rubuta." "Ke, mi kinka rubuta? Karanto." Sai in karanta da muryata, ya ce, "Ba haka nac ce ba," in gyara. Yadda maganar ta fito daga bakinsa haka nake ajiye ta, "munka" ta zauna "munka", "lahiya" ta zauna "lahiya", ban taɓa mai da shi Bakano ba.

A hankali hirar ta wuce tarihi. Wata rana ya ce, "Ke kam yau kina da nawa, ko mai ɗauko ki bai ci komai ba?" Ya sa aka damo fura. Wata rana ya ce, "Ke, yarinyar gidanku mai tari ta samu sauƙi?" Na ce ta ce da sauƙi. Ya ce to a dinga ba ta zuma. Har ya taɓa tambayar ta ko shagon yana ci, ya kuma ba ta shawara kada ta yarda a ba 'yan siyasa aiki ba su ba da kafin alƙalami ba. Cikin shekarun nan Malam ya yi wa Baƙa maganar da ta fi duk wadda ya yi mini tun ina cikin zani, kuma ni ne nake ɗauke da kunnuwan.

Da muka zo shekarar da aka haife ni, ban ɗago kai ba. Ya ce, "Ke, rubuta, shekarar nan anka yi baƙo gidan." Na buga. Baƙa ta ja "fuuu" ɗinta. Sannan ya ce, "Ki ƙara, ya zo da lahiya, kuma an yi murna." Na buga wannan ma, amma sai da na goge na sake, don ban ga haruffan sosai ba.

Abu ɗaya ne yake tsallakewa, zancen Innarmu. Ta rasu Abdulaziz bai daɗe da yaye ba, ni kuwa ina da wayona, na san muryarta, na san yadda take rufe baki da gefen zani in za ta yi dariya. Duk sanda labari ya biyo ta kanta, sai Malam ya ce, "Ke, tsallake nan, mu komo." Na yi ta jira, ban taɓa matsa masa ba. Sai a ƙarshen daminar nan, muna tashi, ya ce, "Ke, Juma'a mai zuwa mu yi zancen mai ɗakin nan." Na dawo Bodinga ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

To, a nan ne zan faɗi jinyar marigayiya, don masu irinta su ɗauki darasi.

Ciwon ya fara tun tsakiyar damina. Al'adata ce in na tashi salla in rufe mata murfi, ta yi barci, in dawo in buɗe, ta farka mu ci gaba daga inda muka tsaya. Wata rana na buɗe, fuska ta haska, hoton gonar albasar da na sa mata ya fito, komai yana nan. Na danna harafi, shiru. Na shafa ɗan dandalin nan da ake jan kibiya da shi, kibiya ta kafe a kusurwa. Na danna madannin da ke kunna 'yar fitilar manyan haruffa, fitila ba ta kama ba. Ga mai katin suna yana tsaye a kaina. Na rufe na buɗe, na cire caja na mayar, na yi mata magana mai daɗi. Daga ƙarshe na danne makunninta har ta ɗauke, na sake kunnawa, ta ce "tilin-lin" ta amsa kamar ba abin da ya faru. Katin sunan dai ya tafi, sai da na sake shi daga farko.

Da abin ya maimaita, na kai ta wurin Arzika mai gyara, maƙwabcin shagona. Ya ce barcin ne ba ya karɓar ta. Wai in ta kwanta tana yanke wa madannai da dandalin wuta don tanadin batir, in ta farka sai ta manta ta mayar musu. Ya shiga cikin saitinta ya hana ta wannan tanadin. Ta yi kwanaki lafiya, ta koma. Ya ce to direbobinta ne suka tsufa. Na ce shekara da shekaru ina tare da ita ban taɓa ganin direba ko ɗaya ba. Ya ce ba masu hula ba ne, wasu 'yan umarni ne da ke haɗa ta da gaɓoɓinta. Ya sauke su ya ɗora sababbi. Ya kashe wani abu da ke sa ta saurin tashi, ya ce tashin ba na gaskiya ba ne, rabin barci ne. Ya zare batir, ya danne makunni har sauran wutar jikinta ta tsiyaye. Ya kwance ta, ya zaro wani siririn ƙyalle mai wayoyi da ke haɗa madannai da cikinta, ya hure, ya mayar. Na kau da kai lokacin, ban iya kallo ba. Ya fito da ɓawon gyaɗa da ɗan ganyen albasa, ya ɗora mini a tafin hannu.

Shawararsa ta ƙarshe ita ce kada a sake bari ta yi barci. Ko dai a kashe ta gaba ɗaya, ko a bar ta ido biyu. Ya saita ta yadda ko na rufe murfi ba za ta kwanta ba. Na bi wannan sau da ƙafa, kuma mun samu lafiya har makon da Malam ya yi alkawari.

A makon aka ɗauke wuta a unguwarmu, ba ta dawo ba. Ranar Juma'a na ɗauke ta da ɗan abin da ya rage a batir, na isa Shagari da wuri, na kunna ta, ta amsa. Sai ga baƙi sun shigo gaishe da Malam, mutanen Mandera, kuma dattawan nan in sun fara gaisuwa sai sun tambayi lafiyar kowa har da awaki. Ina zaune da ita a buɗe, ban so in kashe ta su tashi a same ni ban shirya ba. Ina kallon alamar batir tana ja baya. Suna sa takalma fuskarta ta dushe, ta gyangyaɗa da kanta, ba wanda ya rufe ta. Na ruga ɗakin Gwaggo inda ake da wutar sola, na jona ta ta ɗan sha caji, na dawo da ita zaure. Ta farka. Na danna, shiru. Na kashe na kunna, ta ce "tilin-lin", na danna, shiru. Na sake. Wannan karon ko dabarar da ta saba tashe ta ba ta yi ba.

Malam ya gyara zama ya ce, "Ke, kin shirya?"

Ba wanda ya amsa. Ita ba ta iya ba, ni kuma ba ni aka tambaya ba. Da ƙyar na juya na ce da Gwaggo ba ta da lafiya. Malam ya ce Allah shi ba ta lahiya, ya jawo carbinsa, ya juya fuska gefe. Ga ni ga shi, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai kamu biyu ba, amma zauren ya koma yadda yake kafin in saye ta. Na zauna har aka kira magariba, sannan na bar ta a ɗakin Gwaggo tana shan caji, na dawo gida.

Arzika ya ce a waya wataƙila madannan ne suka mutu, in nemo irinsu. Da safiyar Asabar na nufi Sakkwato. A safiyar nan kuma Abdulaziz ya taso daga Sakkwato zuwa Shagari duba Malam. Tabbas motocinmu sun yi kiciɓis a hanya, ni ina tafiya neman mata magani, shi yana tafiya inda take.

Abin da ya biyo baya daga bakin Gwaggo na ji shi, kuma Gwaggo ba ta rage labari. Abdulaziz ya gan ta a kan tabarma, aka ce ba ta da lafiya. Ya buɗe jakarsa ya fito da wani fallen kibod na ofis, wato madannai na waje, siriri, marar waya, da ɗan linzamin da ake kira maus. Ya soka wani ɗan mitsitsin abu a gefenta, bai kai farce ba. Jama'a, kibiyar da ta kafe mini, wadda na shafa har yatsana ya yi zafi, sai ga ta tana gudu ko'ina. Ya danna harafi, harafi ya fito. Ba ta yi jinkiri ba, ba ta ce "ɗing" ba, ba ta tambaye shi ko shi wane ne ba. Ni da na ɗauke ta a kafaɗa cikin ruwa da rana, na kwance ta wurin mai gyara, na hana kaina sabon takalmi na saya mata caja, ta ƙi ni. Wani ya zo da abin aro ta miƙe tsaye.

Ya kai ta zaure. Malam bai ce "ke" ba, me zai yi da "ke"? Cewa ya yi, "Azizu, kai ka rubutu? To matso." Kuma ya yi zancen Inna. Gwaggo ta ce tun hantsi har la'asar, sun yi dariya, sun yi hawaye, an kawo abinci ya huce. Ta ce har sunanta ya kira, Nana Fatima, da bakinsa. Ni ban taɓa jin sunan nan a bakin Malam ba.

Ina tsaye a kasuwa, na gama zagaya shaguna ban samu madannai irin nata ba, sai saƙo ya shigo wayata: "Yaya, ga shi na taya ka, kada aikin ya tsaya." Da shafukan gaba ɗaya. Haka yake, Abdulaziz, ba ya yi wa mutum laifin da zai kama shi da shi, kullum alheri ne, kuma alherin ne yake ƙona ni. Na tsaya a gefen titi na karanta. Ya mai da "munka" "muka", ya mai da "lahiya" "lafiya", wai ya gyara. Lanƙwasa kuwa ko ɗaya babu, duk baƙin da suka zo bikin Inna sun koma baki. Amma labarin yana nan. A ciki na karanta cewa Inna tana tsoron kwaɗi, kuma duk damina Malam yakan fita da asuba da tsintsiya ya kore su daga ƙofar ɗakinta kafin ta fito alwala, bai taɓa gaya mata ba. Ni na ga wannan tsintsiyar da idona ina yaro. Na sha leƙowa in ga babban malami yana shara a duhun asuba, in rasa dalili. Ni na gani, shi aka ba labarin.

Na kai wa Gwaggo ƙorafi. Ta ce in ji tsoron Allah, ta yaya mutum zai faɗi irin wannan a gaban ɗan fari, ko da na'ura goma aka jera tsakani? Ta ce ni na san Inna, yaron nan kuwa ko fuskarta bai riƙe ba, in bar shi ya samu wani abu. Gaskiya ta faɗa. Na juya maganar ta kowace fuska ban samu inda zan kama ta ba. Amma gaskiyar ba ta sanyaya mini komai ba, sai ma ta ƙara, domin yanzu ba ni da wanda zan ɗora wa laifi sai marigayiya.

Na ɗauko ta na mayar wa Arzika. Ya aro madannai daga wata irinta ya gwada, shiru. Ya ce to matsalar ta wuce nan, wani ɗan ƙanƙanin abu ne a can cikin allonta wanda madannai da dandalin duka suke bi ta kansa, shi ne ya kwanta bai tashi ba. Ya ce sauran jikinta lafiya ƙalau, in sayi kibod na waje in ci gaba da sana'ata, za ta yi shekaru. Na ce masa wadda ta daina jin hannun mai ita, ta koma jin na duk wanda ya soka mata abu a gefe, ni a wurina ta riga mu gidan gaskiya. Ya ce ni dai kishi ne ke damu na. Na ce ban kawo ta don a duba ni ba.

Ba kibod ne ya gagare ni ba. Abdulaziz ma ya bar mini nasa kyauta, da maus ɗin, ya ce yana da wani a ofis. Suna can saman kabad, ban taɓa su ba, matata Bahijja ce take goge musu ƙura. Abin da ya kashe Baƙa shi ne aikinta ya ƙare. Ita 'yar aike ce tsakanina da Malam, kuma Malam ya samu hannun da ba ya buƙatar 'yar aike, mai sauri, wanda ake kiran sunansa, wanda har ya ce zai dinga zuwa duk mako. Juma'ar da ta biyo baya ban je Shagari ba. Na zauna a shago ina kallon motoci suna lodi. Ba wanda ya aiko, ai ba a aika wa ɗan fari.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da jaka mai ɓallallen zik, da 'yan filas na ajiyar rubutu guda biyu da ke ɗauke da kwafin duk abin da Malam ya faɗa mata. Ta bar abokiyar aikinta, firintar shago, wadda tun rasuwarta ba ta ci takarda ba. Ta bar matashin da ake karewa da shi daga zafinta. Ta bar ni. Kibod da maus ɗin da ke saman kabad ba danginta ba ne, ba su da gado, kuma kada wanda ya yi musu gaisuwa.

Na riga na yanke shawarar naɗe ta a tsohon zani in tura ta ƙarƙashin gado, sai ga Gwaggo ta sauka a tasha shekaranjiya. Ta shigo shago, ta zauna a bencin masu jira, ta sha ruwa, ta yi mini faɗan rashin zuwa gaisuwa tukuna. Sannan ta ce ranar Juma'ar da ban je ba, Malam ya sa an shimfiɗa tabarma dab da buzunsa tun kafin la'asar, ya zauna kunnensa wajen ƙofa har aka kira salla. Da dare bai ci tuwon kirki ba. Washegari ya ce, "Kaltume, ina Baƙa?" Ta ce ai ta mutu, mai ita ma yana can yana rubuta sanarwa. Ya ce, "Ki ce ma mai ita shi kawo ta. Ban ƙare mata magana ba." Ta ce masa Yaya, ba ta ji fa yanzu, ko an faɗa ba ta rubutawa, in rubutu ne ga Azizu nan ya ce zai zo.

Gwaggo ta ce bai juyo ba, carbinsa kawai yake ja, ya ce, "Na san mai ji."

Saboda haka, ga yadda aka tsara jana'iza. An fasa naɗewa, an fasa ƙarƙashin gado. Ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, za a ɗauki gawa daga Bodinga a cikin jakarta, a kujerar gaba, a kan cinyata. Za a sauke ta a zauren Malam Muhammad Sani da ke Shagari, a buɗe murfinta tsakanin buzu da tabarma, a kunna ta ta ce "tilin-lin" don a san ta iso. Ba za a soka mata komai a gefe ba. Ni zan zauna a bayanta da biro da takarda. Haka za a yi ta yi kowace Juma'a har sai wanda yake mata magana ya ce ya gama, Allah ya sa a daɗe ba a gama ba. Ba a buƙatar rakiya, zauren ƙarami ne.

Za a karɓi gaisuwa a shagona da ke bakin tashar Bodinga, a wannan Juma'ar, daga la'asar zuwa magariba. Arzika zai wakilci iyalan mamaciya, an tanadi benci da ruwan sanyi. Ana roƙon ƙanena Abdulaziz, wanda na ji ya ɗauki hutun rabin yini don ya samu zuwa, da ya sauka a nan Bodinga, ya zauna a shagon ya jira ni, kada ya gaji, kada ya wuce gaba. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya saka wa kowa da alheri. Wanda zai tura masa wannan sanarwa, don Allah ya tura masa wannan sakin layin kaɗai.